Zama a Gindin Tudu: Yadda Ake Gane Zaftarewar Ƙasa da Kwararar Laka, da Yadda Ake Tsira

Da safiyar Litinin, 14 ga Agusta 2017, bayan an kwana uku ana sheƙa ruwa, wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf da ke unguwar Regent a gefen Freetown, babban birnin Saliyo, ya ɓalle ya rufto. Ƙasar da ta zubo ba ta tsaya a gindin dutsen ba. Ta faɗa kwarin rafin Babadorie, ta cakuɗe da ruwa, ta zama laka mai gudu ɗauke da duwatsu da itatuwa, ta yi tafiyar kusan kilomita 6 har bakin teku a Lumley. Mutum 1,141 suka rasu ko suka ɓace. Da yawa daga cikinsu ba a kan tudun suke zaune ba, a bakin rafi suke, nesa da inda abin ya faro.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a nan, kuma wajibi ne a bambanta su. Zaftarewar ƙasa ita ce ɓangaren tudu ya sulluɓe ya zubo, ya danne abin da ke ƙarƙashinsa. Kwararar laka kuwa ita ce ƙasar da ta zubo ta sami ruwa da hanya, ta bi kwari ko ƙorama tana malala kamar kwaɓin siminti. Ta biyun ta fi kisa, domin takan yi gudun kilomita 50 a awa ko fiye, ta mirgino dutsen da ya kai girman mota, ta iske mutanen da ba su taɓa ɗaukar kansu a cikin hatsari ba.

Wanda ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maraɗi zai ga kamar zancen bai shafe shi ba. Amma 'yan'uwanmu na zaune a Yawunde da Bafusam da Bamenda a Kamaru, da Gembu a kan tsaunin Mambila, da Jos, da unguwannin da suka hau duwatsun kewayen Abuja. A unguwar Gouache ta Bafusam, ƙasa ta danne mutum fiye da 40 cikin dare a ƙarshen Oktoba 2019. A Yawunde, kimanin mutum 15 suka rasu a unguwar Damas a Nuwamba 2022, suna zaman makoki a ƙarƙashin wani yankakken tudu, sannan a Oktoba 2023 ruwa da laka suka kashe kusan 30 a Mbankolo. Kuma ramin da ake haƙar ƙasar gini ko yashi ko zinariya a ƙauyukanmu, idan ya rufta, ƙa'idar ɗaya ce da ta babban dutse.

Abin da ruwa ke yi wa tudu

Ƙasar tudu na tsaye ne saboda ƙwayoyinta suna cije da juna, saiwoyi kuma suna ɗaure da su. Idan ruwa ya shige ta, ɓarna biyu yake yi. Yana ƙara mata nauyi: jiƙaƙƙiyar ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya tana kai kusan tan 2. Sannan yana cika 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya riƙa tura su, cizon da suke yi wa juna ya ragu. Wannan ta biyun ce mai kayar da tudu. Wurin da ya fi rauni shi ne inda sakakkiyar ƙasa ta kwanta a kan fa ko yumɓu mai tauri. Ruwa ya nutsa, ya tarar da abin da ba zai iya ratsawa ba, ya taru a nan, sai ƙasar sama ta zame a kansa.

Shi ya sa ba ruwan farkon damina ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ruwa mai ƙarfi da ya sauka kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, wato Agusta da Satumba a yawancin yankinmu, har zuwa Oktoba da Nuwamba a kudancin Kamaru. Tudu kuma yana iya zubowa awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan an ɗauke ruwa, saboda ruwan na ci gaba da nutsawa.

Ruwan damina ba shi kaɗai ke tayar da ita ba. Mahaukaciyar guguwa Freddy ta zubo da laka daga dutsen Soche kan unguwannin Blantyre a Malawi cikin Maris 2023. Girgizar ƙasar Nepal ta Afrilu 2015 ta binne ƙauyen Langtang. A Nuwamba 1985 dutse mai aman wuta Nevado del Ruiz a Kolombiya ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, lakar ta isa garin Armero bayan fiye da awa biyu, ta hallaka mutum sama da 20,000, waɗanda da an tashe su sun hau tudu da sun tsira. Gobarar daji ma na share mata hanya: a Montecito da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, a Janairu 2018, makonni kaɗan bayan wuta ta cinye tsaunukan da ke saman garin, ruwan 'yan mintuna ya sauko da lakar da ta kashe mutum 23. Masu cinna wa daji wuta da rani a kan tuddai su riƙe wannan.

Mataki na farko: a auna gangara, a karanta ƙasa

Ba a buƙatar na'ura. A sami miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita 2, da tef na awo, da lebur irin na magina. A ɗora kan sandar ɗaya a jikin gangara, a daidaita ta a kwance da lebur, sannan a auna daga ɗaya kan zuwa ƙasa. Idan tazarar ta kai santimita 65, gangarar ta kusa digiri 18, a fara kula. Idan ta kai mita 1, digiri 27 ke nan, kuma daga nan zuwa digiri 45 ne yawancin zaftarewar da ruwan sama ke haddasawa ke farawa. Idan ta kai mita 2, digiri 45 ne, ba wurin gina gida ba ne. A auna a wurare uku ko huɗu, sama da gidan da ƙasa da shi, domin tudun maƙwabcinka na sama shi ne zai faɗo maka.

Bayan awo sai zagaye da ƙafa, zai fi kyau washegarin ruwa mai ƙarfi. Ga abin da ake nema. Tsagewar ƙasa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a saman gangara, musamman idan gefe ɗaya ya ɗan zauna ƙasa da ɗayan. Kumburin ƙasa a gindin gangara. Itatuwa, turakun wutar lantarki ko shingen da suka karkata. Bishiyar da gindinta ya lanƙwashe sannan ta miƙe sama, wadda ke nuna ƙasar ta daɗe tana jan jiki a hankali. Ruwa yana tsattsafowa inda da ba ya fitowa, ko idon ruwan da aka sani ya ƙafe ba dalili. A cikin gida kuwa, ƙofa ko taga ta fara cijewa, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga, dandamali ya rabu da jikin gini, fayif ɗin ruwa ya riƙa fashewa a wuri ɗaya.

Sai a tambayi dattawan wurin. Tudun da ya taɓa zubowa shi ne ya fi kusa da sake zubowa, kuma tsohon tabo yakan rufe da ciyawa cikin shekara biyu zuwa uku, baƙon da ya zo sayen fili ba zai gane ba. Fili mai araha a gindin dutse, a tambayi dalilin arahar kafin a biya.

Hanyar da laka za ta bi

Wannan ne mutane suka fi sakaci da shi. A tsaya a ƙofar gida a dubi sama: akwai kwari, kwazazzabo ko ƙoramar da ta sauko daga dutse ta nufo wurin? Inda kwarin ya buɗe ya haɗu da fili, yawanci akan ga ƙasa ta bazu kamar mafici, da manyan duwatsu warwatse a kai. Wurin na da daɗin gini, ga ruwa kusa, ga gangara kaɗan. Amma waɗannan duwatsun ba tsirowa suka yi ba, tsohuwar kwarara ce ta ajiye su. Girman dutsen da ke kwance a wurin shi ne ma'aunin ƙarfin abin da ya taɓa wucewa ta nan, kuma zai iya dawowa. Mutanen Agadas sun san irin wannan hali daga Kori Telwa, wanda ke saukowa daga tsaunukan Ayar: sama na iya kasancewa tas a gari, ruwan da aka yi a kan duwatsu ya iso da ƙarfinsa, kamar yadda ya faru a Satumba 2009.

A lura da kwalbati da ƙananan gadoji. Itace da shara suna toshe su, laka ta taru a baya, sannan ta tsallake ta shiga gidajen gefe. Gidan da ke gefen waje na lanƙwasar rafi ya fi na gefen ciki shiga hatsari, don kwarara mai gudu ba ta bin kwana, miƙewa take yi.

Fitar da ruwa daga jikin tudu

Idan kuɗin da ke hannu na aiki ɗaya ne kawai, a kashe shi a kan magudanar ruwa. A tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karebiyan, wani shiri da aka fara a 2004 ya rage zaftarewar ƙasa a unguwannin talakawa da ke kan tuddai ta hanyar gina lambatu da tare ruwan rufi, mazauna unguwar ne kuma suka yi aikin da hannunsu.

A fara da rufin gida. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 80, a ruwan milimita 50, yana zubar da lita 4,000, wato duro 20. Unguwa mai gida 100 ta zuba wa tudu duro 2,000 a dare ɗaya. A sa wa kowane rufi indararo, a haɗa shi da fayif mai inci 4 zuwa tanki ko lambatu. Bakin ambaliyar tankin ma a haɗa shi da lambatu, in ba haka ba an tara ruwan ne kawai a zuba shi wuri guda, wanda ya fi barinsa ya watsu muni.

Sai magudanar tare ruwa a saman gangara, wadda za ta kama ruwan da ke gangarowa daga sama ta kai shi gefe. A ja ta baya mita 3 zuwa 5 daga leɓen gangara. Ga gidaje kaɗan, faɗin santimita 30 da zurfin santimita 30 kan isa. Babbar magudanar da ke karɓar na unguwa takan buƙaci ninkin haka ko fiye. A ba ta gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita don kada ruwa ya kwanta. Dole a shafe cikinta da siminti ko a jera dutse a liƙe da siminti. Magudanar ƙasa zalla a saman tudu ta fi rashinta illa, domin tana tara ruwa ta shayar da shi daidai inda tsaga ke farawa.

Inda magudana ke sauka a tsaye, a yi mata matakala don karya gudun ruwa, a kuma jibge manyan duwatsu a bakin fitarta. Idan aka bar bakin haka, ruwan zai ci gindin tudu ya buɗe kwazazzabo, kamar yadda magudanun titi marasa kyakkyawan ƙarshe suka haifar da manyan kwazazzabai a kudu maso gabashin Najeriya. Kada kuma kowa ya sako ruwansa kan na ƙasa da shi. Aikin na unguwa ne, sai mai unguwa ya tara mutane an zana hanyar ruwa tun daga sama har rafi.

Inda ruwa ke tsattsafowa daga cikin ƙasa, a haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin kusan mita 1, a shimfiɗa ƙyallen tace ƙasa, a kwantar da fayif mai inci 4 da aka huhhuda, a cika da tsakuwa, a fitar da bakinsa zuwa lambatu. A yi wannan da rani, kuma gaɓa-gaɓa: a haƙa mita 3 zuwa 5, a cike, sannan a ci gaba. Dogon rami a buɗe a gindin tudu da damina shi kansa yana iya jawo zaftarewa.

Shadda, ramin ruwan wanka da fayif ɗin famfo mai yoyo suna shayar da tudu rani da damina. Kada a haƙa shadda kusa da leɓen gangara ko a bayan katangar tare ƙasa. A yashe lambatu kafin ruwan farko, a sake dubawa bayan kowane babban ruwa. Juji ma tudu ne: tarin sharar Koshe a Addis Ababa ya zubo a Maris 2017 ya kashe mutum fiye da 100.

Yanka tudu, ciko da katanga

Mai gini a kan gangara yakan yanki tudu ta baya, ya tura ƙasar gaba, ya sami fili. A nan ya ƙirƙiri hatsari biyu: miƙaƙƙen bango na ƙasa a bayan ɗaki, da sakakken ciko a ƙarƙashin gaban gida. Jar ƙasa da marmara suna ruɗar mutane, don da rani suna tsayawa kamar an yi da bulo. Shekara uku, biyar, ba abin da ya faru, sai damina mai nauyi ta zo.

Yankan da ba katanga, a kwantar da shi: mita 1.5 zuwa 2 a kwance ga kowace mita 1 ta tsayi. In ya wuce mita 3, a raba shi hawa-hawa da dandamali mai faɗin mita 1 da 'yar magudana a kowane hawa. Tsakanin gindin yankan da bangon gida a bar aƙalla rabin tsayin yankan, cikakken tsayinsa ya fi. Ɗakin kwana, musamman na yara, kada ya zama shi ne mai jingine da tudu. A sa kicin ko sito a wannan gefen.

Ciko kuwa, a cire ciyawa da baƙar ƙasar sama tukuna, a sassaƙa gangarar kamar matakala, a zuba ƙasa santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. Harsashin gini ya ratsa cikon ya zauna kan ƙasar asali.

Katangar bulo mai inci 6 ko 9 ba katangar tare ƙasa ba ce, shinge ce. Ta gaskiya tana da faɗin gindi kusan rabin tsayinta zuwa kashi biyu cikin uku, da tsakuwa mai kaurin santimita 30 a bayanta, da kafofin fitar ruwa na fayif mai inci 3 ko 4 a kowace mita 1 zuwa 1.5, layin farko dab da ƙasa. Yawancin katangun da ke faɗuwa ruwan da ya taru a bayansu ne ke ture su, saboda magini ya manta kafofin, ko mai gida ya toshe su don suna ɓata masa fenti. Kwandon waya cike da duwatsu, mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, tsayin mita 1, ya fi dacewa da wurare da yawa: ruwa na ratsa shi, yana jure motsin ƙasa, kuma da hannu ake cika shi. Duwatsun su zama santimita 10 zuwa 20, waɗanda suka fi idon wayar girma, a ɗan jingina jerin zuwa jikin tudu. Duk katangar da za ta wuce mita 1.5, a nemo injiniya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin katangar da ta faɗi tana ƙara wa lakar bulo da kankare.

Masu haƙar ƙasa da yashi: bangon rami da ya wuce ƙirjin mutum, wato mita 1.2 zuwa 1.5, a kwantar da shi ko a tokare. Kada a ci gindin bango a bar sama na rataye, kada a tara ƙasar da aka fitar ko a tsayar da tifa a leɓen rami, kada a shiga washegarin ruwa.

Shuka

Ciyawar jema, wadda ake saƙa zana da ita, tana da saiwa mai nutsawa mita 2 zuwa 3 kai tsaye. A dasa ta a farkon damina, layi-layi a gicciye da gangara, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, sabon layi a duk inda ƙasa ta sauka mita 1 zuwa 2. Gora na taimakawa a bakin rafi. Ayaba ba ta dace da gangara mai tsanani ba, saiwarta gajera ce, ga nauyi, ga riƙe danshi. Idan aka sare itatuwan tudu, saiwoyin kan ɗauki 'yan shekaru kafin su ruɓe, shi ya sa zaftarewa ke zuwa bayan an manta da saran. Sai dai shuka na riƙe ƙasar sama ce kawai. Zamewar da ke zurfin mita 5 ko 10 da itatuwan za ta tafi gaba ɗaya.

Sa ido da damina

A sami gwangwani ko bokiti mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, a ajiye a fili nesa da rufi da bishiya. Zurfin ruwan da ya taru a ciki shi ne yawan ruwan da aka yi. A auna da rula kowace safiya, a rubuta, a zubar. Kowane tudu da iyakar ruwan da zai iya ɗauka, amma a Hong Kong, inda aka daɗe ana lissafin wannan, an lura cewa zaftarewa mai yawa na zuwa ne idan ruwa ya kai milimita 70 a awa ɗaya, kuma ba kasafai babba ke aukuwa ba idan ruwan yini da dare bai kai milimita 100 ba. Unguwar da ke da yankakkun tuddai da tsaga a ƙasa ta sa iyakarta ƙasa da haka. A riƙa bin sanarwar hukumar hasashen yanayi, NiMet a Najeriya, ta rediyo ko waya.

Idan an ga tsaga, a kafa turke biyu, ɗaya kowane gefe, a buga ƙusa a kan kowanne, a auna tsakaninsu safe da yamma. A bango kuwa, a shafa siminti siriri a kan tsagar a rubuta kwanan wata. Faɗin tsaga ba shi ne babban labari ba, saurin buɗewarta ne. Milimita 2 jiya, 5 yau, 15 da yamma: a kwashe mutane nan take. Kafin nan, a cusa yumɓu a tsagar a daddaɓe, a rufe da tamfol a danne gefunansa, don kada ruwa ya bi ta nan.

Daren da za a tashi

Tun kafin damina unguwa ta amince da abubuwa uku: wa zai yi shela, da me, kuma ina za a taru. Lasifikar masallaci, usur ko ƙarfen da ake bugawa duk suna aiki, muddin kowa ya san sautin. Wurin taruwa ya zama a kan doron tudu ko fili mai nisa da kwari, hanyar zuwa kuma kada ta tsallaka rafi. A rubuta sunayen tsofaffi, masu ciki, marasa lafiya da naƙasassu, a ba kowanne wanda zai ɗauke shi. Takardun gida, magani, tocila da waya su kasance a jaka ɗaya cikin leda.

Mutane sukan ƙi tashi saboda tsoron ɓarayi da tunanin dabbobi, kuma tsoro ne mai dalili. A tanadi matasan da za su yi gadi daga wuri mai aminci, a kuma kwashe dabbobi tun da rana. Kwana uku a gidan dangi a tashi ba abin da ya faru ba asara ba ce, kuma kada a yi wa wanda ya yi shelar gori, in ba haka ba wani karon zai yi shiru.

A daren ruwa mai ƙarfi, mutum ɗaya a kowane gida ya zauna a farke. Da yawa daga cikin waɗanda laka ke kashewa a barci take samunsu. A saurari ƙarar karyewar itace, gwaruwar duwatsu, ko rugugi kamar na tirela da ke ƙaruwa. A duba rafi da tocila daga nesa. Ruwa ba ya tsami banza: in ya rikiɗe ya yi kauri da laka, ƙasa ta fara zubowa a sama. In kuwa ya ragu ko ya tsaya alhali ana tsaka da ruwa, wani abu ya datse shi, kuma datsiyar za ta fashe. Wannan ita ce alama mafi muni, a bar kwarin a lokacin.

Gudu a gicciye ake yi, zuwa gefe da sama. Wanda ya bi kwari ya gangara, lakar ta fi shi sauri. Kada a ratsa ta da ƙafa, babur ko mota. In hanyar fita ta toshe, a hau bene ko a koma ɗakin da ya fi nisa da tudu, a kare kai. Wanda ƙasa ta rufe ya yi ƙoƙarin buɗe fili a gaban fuskarsa, ya riƙa buga wani abu ko kira lokaci-lokaci.

Bayan ta auku

A gundumar Gofa da ke kudancin Habasha, a Yuli 2024, ƙasa ta danne wasu gidaje, jama'a suka taru da safe suna tono, sai tudun ya sake zubowa a kansu. Mutum fiye da 220 suka rasu, akasarinsu masu ceto. Maƙwabta ne ke ciro mafi yawan waɗanda ake samu da rai, don haka ba za a ce kada a taimaka ba, sai dai a yi da tsari. A kira 112 a Najeriya, ko 'yan kwana-kwana a 118 a Kamaru, a sanar da hukumar agajin gaggawa. A tsayar da mutum biyu da usur inda suke hango saman tabon da zaftarewar ta bari, aikinsu kallo kawai. A nuna wa kowa hanyar gudu kafin ya ɗauki shebur. Masu tono su zama kaɗan, suna karɓa-karɓa, 'yan kallo a mayar da su nesa. In ruwa ya dawo ko ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan, a janye.

Lokaci-lokaci a yi tsit gaba ɗaya, a kashe injuna, a kira a saurara. A fara da inda ɗakunan kwana suke da gefunan lakar. Da an kusa mutum a ajiye diga a koma hannu. A buɗe fuska da ƙirji tukuna, a share laka daga baki da hanci. Kada a fizge shi, a riƙe wuya da baya a miƙe. Wanda nauyi ya danne wa ƙafa ko hannu awa ɗaya ko fiye, ko da ya fito yana magana, a kai shi asibiti, domin dagargajewar tsoka na sakin guba a jini da ke kashe ƙoda. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari, in da ma'aikacin lafiya a sa masa ƙarin ruwa tun kafin a ɗage nauyin.

Gawa ba ta haddasa annoba, gurɓataccen ruwan sha ne ke kawo kwalara. A tafasa ruwa ko a sa masa sinadarin kulorin, a ɗauka duk rijiyar da laka ta shiga ta gurɓata sai an yashe ta an tsaftace. Kafin a yi wa mamaci sutura a ɗauki hotonsa, a rubuta kamanninsa, tufafinsa, inda aka same shi da inda aka binne shi, saboda dangin da za su zo nema daga baya. A nisanci wayoyin lantarki da suka faɗi. Gidajen da suka rage a gefen tabon da waɗanda ke samansa kada a koma cikinsu sai injiniya ko masanin ƙasa ya duba, domin bangon da zaftarewa ta bari a tsaye ya rasa abin da ke tokare shi, kuma yakan ci gaba da ɓallewa yana ja da baya har ƙarshen damina. A kafa sababbin turaku a samansa, a ci gaba da awo safe da yamma.